Huda bakin bindiga: abin da bidiyon waya bai nuna ba

Ran kasuwa ne, a wata maƙera da ke bayan gari a ƙasar Bukkuyum, wani saurayi ya miƙa wa tsohon maƙeri wayarsa. A bidiyon, wani Ba'amurke ne ya jera ƙananan kafofi kusa da bakin bindigarsa ta farauta, yana cika baki cewa daga yau ta daina tokarin kafaɗa. Saurayin ya ce, "Baba, haka nake so a yi wa tawa." Tsohon ya ajiye awartaki, ya sa yaron zuga ya dakata, ya karɓi bindigar ya leƙa cikin bututunta da ido ɗaya. Ya daɗe yana dubawa. Da ya miƙa masa sai ya ce, "Ɗana, wannan ko ba a huda ta ba, addu'a take bukata."

Maganar tsohon ta fi ta mai bidiyon nauyi, amma sai an san abin da ke faruwa a cikin bututu kafin a gane hakan.

Idan aka ja kunama, albarushi kan ƙone cikin ƙiftawar ido ya zama iska mai zafi da ba ta da mafita sai gaba. Ita ke tura harsashi, ita kuma bindigar ta koma baya ta daki kafaɗa. Da yake bututun ya ɗara inda gindin bindiga ya tokare kafaɗa tsawo, bakin kan ɗaga sama. Dabarar hujin ita ce a bar wani kaso na iskar ya fita ta sama, ya danne bakin ƙasa, don mai harbi ya yi saurin maimaita saiti. Masu wasan harbin faifan yumɓu a Turai da Amurka ne suka fi damuwa da ita, mutanen da kan yi harbi ɗari a yini. Kamfanin Mag-na-port na jihar Michigan, wanda ya yi suna a wannan aiki tun shekarun 1970, ma ba da abin huji yake yi ba, da tartsatsin lantarki yake cinye ƙarfen don kada ya bar kaifi a ciki.

Ribar kuwa ba ta taka kara ta karya ba. A bindigar farauta, ƙarfin iskar yana kai maƙura ne kusa da gindi, kafin ya iso baki ya riga ya yi sanyi. Yawancin tokarin kuma daga nauyin ƙwayoyin dalma yake, giram talatin ko kusa da haka, kuma huji ba ya rage musu nauyi. Abin da yake ƙarawa shi ne ƙara a kunnen mai harbi da na kusa da shi, da walƙiyar wuta a gaban ido. Maharbin da ke fita da dare ya san abin da wannan ke nufi.

Wannan duk a bindigar kamfani ke nan. Tamu ta gida, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da tsumma, harba-ka-ruga, lissafinta daban ne. Albarushin gargajiya yana barin dauɗa mai jan laima, laima ta kawo tsatsa, kowace kafa kuma sabon masauki ce ga tsatsa. Uwa-uba ƙarfen. Harsashin bindigar farauta mai lamba 12, a ma'aunin Turai, yana iya kai matsin bar 740. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu da rabi ba. Bututun famfo, wanda wasu ke ƙira da shi don araha, an yi shi ne don ruwa, ga kuma ɗinkin walda daga kai har gindi. Ranar da zai fashe ba ya sallama, hannun hagu da ke tallafe da shi ne kuma ke fara biya. Duk wanda ya zauna da tsofaffin mafarauta ya ga mai yatsu uku.

Kada a ɗauka Turawa ba su sha wannan wahala ba. Ita ce ta sa aka kafa gidan gwajin bindiga a Birmingham ta Ingila a 1813. Har yau ana ɗura wa sabon bututu abin da ya fi ƙa'ida ƙarfi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, a harba shi a ɗakin da ba kowa, in ya tsira a buga masa hatimi. A can, wanda ya yi wa bututu gyaran da zai raunana shi sai ya mayar an sake gwadawa kafin ya sayar. Maƙerinmu, mai hannun da zai ƙera garma ta shekara goma tana aiki, ba shi da wannan gata. Ido ne ma'auninsa, da ƙarar ƙarfe idan ya ƙwanƙwasa.

Ga kuma hukuma. Dokar makamai ta 1959 ta ɗora lasisin bindigar farauta a kan Sufeto Janar na 'yan sanda, na mai ɗuri ta baki a kan kwamishinan 'yan sandan jiha. Ta hana ƙira ko gyara ba da izini ba, ta kuma hana datse bututu ya gaza inci 20. Amma wa zai karanta wa mutumin Adabka, ko na ƙauyukan Anka da Gummi, wannan doka alhali rashin tsaro ya sa gonarsa ta gagare shi zuwa? A watan Yunin 2022 Gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Ana ta muhawara kan wa ya dace ya riƙe bindiga, lafiyar bututun da ke rataye a kafaɗar manomi kuwa an bar wa maƙeri da idonsa ɗaya.

Saurayin nan bai ji daɗin amsar ba. Ya naɗe bindigarsa a buhu ya ɗaure a bayan babur. Tsohon ya ce da yaron zuga ya ci gaba, ya mayar da bakin fartanya cikin wuta.