Jan Fitsari Ba Balaga Ba Ce

Da damina ta zauna, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a Zakka da sauran ƙauyukan Safana da Batsari sukan cika maƙil. Yara kuwa abin nema ya samu. Da an taso daga makarantar allo ko an dawo kiwo, sai a tuɓe a yi tsundum. Bayan 'yan watanni yaro ya tsuguna, ya ga ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa. Wasu manya har murmushi suke yi, wai yaro ya fara zama namiji. Tsargiya ce fa, kuma tsutsa ke kawo ta.

Dangi ɗaya suke da waccan mai faɗi kamar ganye da mahauta ke tararwa a hantar saniya. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira a 1851. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata take shiga. Mai ciwon ya yi fitsari a kududdufi, ƙwan da ke ciki su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin wata 'yar mitsitsiyar katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. Can za su yi makonni suna hayayyafa, sannan su fito dubbai, ido bai ganin su. Abin takaici, sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke koro yara ruwa.

In tsutsar ta shiga jiki, jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara take zama, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. Ƙwan nan ne ke yi wa mafitsara rauni. Yaro ya yi ta ramewa, jini ya ƙaranta, karatu ya ƙi shiga. In aka bari ta daɗe tana iya lalata ƙoda, har ta kai ga ciwon dajin mafitsara. Mata masu wanki a bakin ruwa tana taɓa musu al'aura da mahaifa, kunya kuma ta hana su faɗa. Masunta da masu noman rani a madatsar Zobe ta Dutsin-Ma su ma su yi hattara.

Maganinta Praziquantel, wanda ma'aikatan lafiya kan raba a makarantu suna auna tsayin yaro da sanda. Kada a hana yaro karɓa, a dai tabbatar ya ci abinci tukuna, don yakan sa jiri da tashin zuciya. Wanda ya ga jini ya tafi asibiti a gwada fitsarin. Sai dai maganin ba rigakafi ba ne: yaron da ya warke ya koma kududdufi, sabuwa zai kwaso.

Gidan da ba shi da ruwan wanka sai na kududdufi, a ɗebo a ajiye a randa kwana biyu kafin a taɓa. Tsutsar ba ta wuce haka da rai in ba ta sami jikin mutum ba.