SARKIN YAWA YA FI SARKIN ƘARFI: Abin da Ya Kashe Windows Phone

Zancen kimiyya na wannan mako a kan wayar hannu ne, irin wadda a ke kira komai-da-ruwanka. Ga tambayar da za a duba: yaya a ke yi waya mai kyau, mai ƙwari, wadda kamfani mai tarin dukiya ya tsaya mata, ta rasa kasuwa har ta mutu? Haka ya faru ga Windows Phone, ta kamfanin Microsoft na Amurka, wadda ta fito a shekarar 2010, aka rufe littafinta a ƙarshen 2019. Ba ƙarfenta ne ya gaza ba, ba kuma gilashinta ba. Masu gina manhaja ne suka ƙaurace mata.

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san yadda irin wannan waya ta ke. A cikin kowacce akwai abin da a ke kira babbar manhaja, watau tsarin da ke tafiyar da wayar duka. A bisansa ne ƙananan manhajoji su ke zama, kowacce da aikinta: wannan ta aika saƙo, waccan ta banki, wata ta nuna hanya. Galibinsu ba kamfanin wayar ne ke yinsu ba, wasu mutane ne dabam, daga manyan kamfanoni har saurayi guda a ɗakinsa. Kowace babbar manhaja kuwa da harshen da a ke yi mata rubutu. A wancan zamani iPhone ta kamfanin Apple da Objective-C a ke rubuta mata, Android ta kamfanin Google da Java, Windows Phone kuwa da C#. Manhajar da aka gina wa ɗaya ba ta aiki a kan ɗayar, kamar yadda mabuɗin wani kwado ba ya buɗe wani. Wanda ya ke so ya kai ga duka ukun, sai ya yi aikin sau uku.

To, a nan ne ƙullin ya ke. Babbar manhaja kamar filin kasuwa ce. Sarki na iya share fili, ya kafa rumfuna, ya sa a yi shela, amma ba shi da ikon sa kasuwa ta ci. Mai saye ba ya zuwa inda babu 'yan kasuwa, ɗan kasuwa kuma ba ya kasa kayansa inda babu masu saye. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Wasu masana tattalin arziki biyu na ƙasar Faransa, Jean-Charles Rochet da Jean Tirole, sun yi bincike a kan wannan a 2003, suka kira shi kasuwa mai fuska biyu. Abin da suka nuna shi ne, a irin wannan kasuwa yawan mutanen kowane ɓangare shi ke jawo na ɗayan, har mai yawa ya yi ta ƙaruwa, mai kaɗan ya yi ta raguwa. Tirole ya sami kyautar Nobel a 2014.

Microsoft kuwa a makare ya iso. Apple ya buɗe kantinsa na manhajoji a watan Yuli na 2008 da manhaja wajen 500, wayar Android ta farko kuma ta fito a watan Oktoba na wannan shekara. Lokacin da Windows Phone ta bayyana, a Oktoban 2010, kantin Apple ya riga ya tara wajen manhaja 300,000. Kantin Windows bai kai wannan adadi ba sai a 2014, a sa'an nan kuwa Apple da Google kowannensu ya wuce miliyan ɗaya. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi.

Duk da haka an yi zaton akwai dama, sabo da kamfanin Nokia na ƙasar Finlan, wanda a lokacin babu kamarsa wajen sayar da wayar hannu a duniya. A watan Fabrairu na 2011 shugabansa, Stephen Elop, ya rubuta wa ma'aikatansa takarda, ya kwatanta kamfanin da mutumin da ke tsaye a kan dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, wuta ta kama dandamalin, ba shi da zaɓi sai ya faɗa ruwa. Ya kuma ce yaƙin ya tashi daga na waya da waya, ya koma na tsari da tsari, watau waya da duk jama'ar da ke yi mata hidima. Bayan 'yan kwanaki aka ba da sanarwa a London cewa Nokia zai bar tsohuwar babbar manhajarsa, Symbian, ya rungumi Windows Phone. Kamfanonin Samsung da HTC su ma sun yi wayoyin Windows, amma ba su saki Android ba. Gida biyu maganin gobara. Nokia shi ne ya jingina ga gida ɗaya.

Wayoyin da suka fito, masu suna Lumia, ba abin rainawa ba ne. Lumia 1020 ta 2013 tana da kyamara mai ɗigo miliyan 41, abin da ya sha gaban sauran wayoyin zamaninta. Lumia 520 kuwa mai araha ce, ga ta da sauri, ta kuma sami karɓuwa wurin masu ƙaramin ƙarfi. A Italiya har rabon Windows Phone ya wuce kashi 10 cikin 100. Amma in aka haɗa duniya duka, a 2013, shekarar da ta fi tashe, cikin kowace waya 100 da aka sayar wajen 79 Android ne, 15 iPhone, 3 kacal Windows Phone.

Sai a duba wannan lissafi da idon mai gina manhaja. A ce wani banki yana da abokan ciniki 100, uku daga cikinsu ne ke da Windows Phone. Kuɗin gina wa mutum ukun nan manhaja bai bambanta sosai da na gina wa 79 ɗin ba, gama albashin ma'aikaci ɗaya ne, ko mutum nawa za su yi amfani da aikinsa. Ba a nan kuma ɗawainiyar ta tsaya ba. Manhaja kamar ginin ƙasa ce, kowace damina sai an yi mata yaɓe. Sai an toshe ƙofofin da ɓarayi za su iya bi, an gyara kurakurai, an amsa ƙorafin jama'a. Duk akawun da ya buga wannan lissafi, amsa ɗaya zai samu.

Shi ya sa manhajojin da jama'a suka fi so suka yi ta jinkiri, wasu ma ba su zo ba sam. Instagram ta fito a iPhone a 2010, a Android a 2012, ba ta zo Windows Phone ba sai Nuwamban 2013, ta kuma zauna a matsayin ta gwaji fiye da shekara biyu. Snapchat ba ta taɓa zuwa ba. Wani Bafaranshe mai suna Rudy Huyn ya gina makwafinta mai suna 6snap, amma a Disamban 2014 aka cire ta daga kantin bisa buƙatar masu Snapchat. Google, wanda shi ne mai Android, bai gina wa Windows Phone manhajar YouTube ba. Da Microsoft ya gina tasa a 2013, sai Google ya ce ta saɓa wa ƙa'idojinsa, tun ba ma wajen talla ba, a watan Agusta ya toshe ta. Wanda ya shiga kanti ya tambayi mai sayarwa ko wannan waya tana da kaza, aka ce masa babu, sai ya ajiye ta ya ɗauki ta kusa da ita.

Microsoft bai zauna ya naɗe hannu ba. Jaridar New York Times ta ba da labari a 2012 cewa kamfanin ya kan ɗauki nauyin gina manhajojin wasu, aikin da kan ci daga dala 60,000 zuwa 600,000 kowacce. Amma kuɗi na iya gina wa ɗan kasuwa rumfa, ba sa iya zaunar da shi a cikinta in babu ciniki. Da yawa daga manhajojin aka bar su ba gyara har suka tsufa. A farkon 2015 manyan bankunan Amurka biyu, Chase da Bank of America, suka janye nasu, suka ce masu amfani da su sun yi kaɗan.

Shi ma Microsoft da nasa laifin, gama ya yi ta sake harsashin ginin. A 2010 manhajojin tsohon tsarinsa, Windows Mobile, ba su yi aiki a kan sabon ba. A 2012 ya fito da Windows Phone 8, ya ce wayoyin da ke kan ta 7 ba za su iya hawa sabuwar ba, har da Lumia 900 wadda ba ta fi wata uku a kasuwar Amurka ba sa'ad da aka yi sanarwar. Sababbin manhajojin da aka gina wa ta 8 ba sa aiki a kan ta 7, sabo da haka jama'ar da tun asali ba ta da yawa sai ta rabu biyu. A 2015 kuma aka sake kawo wani tsari, Windows 10 Mobile. Magini ya gaji da koyon sabon salo domin 'yan tsiraru.

A wannan shekara ta 2015 Microsoft ya gwada wata dabara, mai suna Astoria, wadda za ta sa manhajojin Android su yi aiki a kan wayoyinsa. Amma dabarar tana da dafi a cikinta. In wayarka na iya ɗaukar manhajar Android, don me wani zai wahala ya gina maka taka? Don me kuma mai saye zai bar ainihin Android ya sayi mai kwaikwayonta? A Fabrairun 2016 aka yi watsi da ita.

Ƙarshen bai yi daɗi ba. Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia a kan dala wajen miliyan 7,200, cinikin ya kammala a Afrilun 2014. A Yulin 2015 ya rubuta asarar dala miliyan 7,600 a kan wannan sashe, ya ce zai sallami ma'aikata har 7,800. A 2016 rabon Windows Phone ya faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100. A Oktoban 2017 wani babban jami'in kamfanin, Joe Belfiore, ya bayyana cewa an daina yi wa tsarin sababbin abubuwa. Ya ce sun ba magina kuɗi, har sun rubuta musu manhajojin da kansu, amma masu amfani da wayar sun yi ƙaranci. A Disamban 2019 Microsoft ya janye tallafinsa, a ƙarshen watan kuma WhatsApp ta daina tallafa wa wayar. Ga baƙon da ke zaune a wata ƙasa, wanda da wannan manhaja ya ke jin muryar iyalinsa a gida, wayar ta zama kwangiri, ko da ya ke ba abin da ya lalace a jikinta.

Akwai abin al'ajabi a nan. A 1999, cikin shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Microsoft, alƙali Thomas Penfield Jackson ya gano cewa abin da ke tsare Windows ta kwamfuta daga abokan gasa shi ne manhajoji fiye da 70,000 da aka gina mata. Duk wanda ya zo da sabon tsari, kamar OS/2 ta kamfanin IBM, sai ya tarar da wannan ganuwa. Ashe ganuwar da ta tsare Microsoft a kwamfuta, irinta ce ta hana shi shiga birnin waya. A 2019 Bill Gates, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin, ya ce barin Android ta ci wannan kasuwa shi ne kuskurensa mafi girma, gama bayan Apple wuri ɗaya tak ya rage.

Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. BlackBerry 10 ta ƙasar Kanada ta fito a 2013, ta gamu da wannan ciwo, a 2015 kamfaninta ya fara yin wayar Android. Firefox OS ta waya ta fito a 2013, aka tsayar da ita a 2016. Wanda ya sake gwada sa'arsa da ƙarfi shi ne Huawei na ƙasar Sin, wanda a 2024 ya fito da HarmonyOS NEXT, wadda ba ta jingina ga manhajojin Android ba. Abin da ya ba shi ƙwarin gwiwa shi ne kasuwar gida mai ɗimbin jama'a, inda dā ma kantin Google ba ya aiki. Watau shi ma da yawa ya dogara.

Illar wannan al'amari ta wuce asarar kamfani guda. Da na uku ya faɗi, sai kusan wayoyin duniya duka suka koma hannun kamfani biyu, su ke yanke wadda za ta shiga kanti da kuɗin da za a biya su. Wannan na cikin abin da ya sa Tarayyar Turai ta kafa dokar kasuwannin intanet a 2022, wadda ta tilasta wa Apple a 2024 ya ƙyale wasu kantunan manhaja a ƙasashenta.

Sabo da haka, masu sauraro, duk wanda zai sayi waya, ko talabijin, ko agogo mai babbar manhaja, kada kyan jiki da araha su ɗauke masa hankali. Ya tambaya tukuna: manhajar bankinsa tana ciki? Wadda ya ke magana da danginsa fa? Yaushe aka yi musu gyara na ƙarshe? Mai ƙerawa ya yi alkawarin tallafi har shekara nawa? Gama mai sayen waya rumfa ya ke kamawa a kasuwa, amfaninta kuwa na nan ne muddin kasuwar na ci.