Faɗuwar Farashin Lu'ulu'u da Zoben da Ya Kutso Cikin Bikinmu

A watan Mayun 2025 kamfanin De Beers, wanda ya shafe fiye da ƙarni guda yana juya kasuwar lu'ulu'u ta duniya yadda ya ga dama, ya ba da sanarwar rufe Lightbox, reshensa mai sayar da kayan ado na lu'ulu'un da ake haɗawa a masana'anta. Dalilinsa shi ne farashin sari ya karye da kashi 90 cikin ɗari. Lokacin da aka buɗe reshen a 2018, dala 800 ake sayar da karat ɗaya, kafin a rufe shi kuwa ya koma dala 500. Bayan wata guda sai cibiyar GIA ta Amurka, wadda takardar shaidarta ta fi kowace daraja a wannan sana'a, ta ce za ta daina auna lu'ulu'un masana'anta da ma'aunin da take auna na haƙa, ta taƙaita shi a mataki biyu kawai.

Labarin ya iso nan a karkace. Wasu suka ɗauka jabu ne ya cika kasuwa aka yi maganinsa, wasu kuma suka ce arha ta samu, lokacin saye a ajiye ya yi. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskuren yana iya cin miliyoyin naira a hannun angon da ke shirin burge amarya a wajen dina a Abuja, Kano ko Yamai.

Lu'ulu'un masana'anta ba jabu ba ne. Sinadarin kabon ne zalla, tsarinsa da taurinsa da ƙyallinsa duk ɗaya da na ƙarƙashin ƙasa, tamkar ƙanƙarar firji da ƙanƙarar da ke zubowa da ruwan sama. Tun 1954 masanan kamfanin General Electric suka fara haɗa shi, yanzu kuma Sin da Indiya suna fitar da shi jibgi. Jabun shi ne gilashi, ko zarkoniya, ko moisanait idan an sayar da su da sunan daiman, wato lu'ulu'u, kuma moisanait yakan ruɗi ƙaramar na'urar gwajin da wasu masu shago ke ɗora wa dutse a gaban mai saye.

Ma'aunin inganci kuwa abu huɗu ne, kuma GIA ce ta tsara shi a 1953. Nauyi ana auna shi da karat, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram. Launi yana farawa daga harafin D, garau babu surki, ya gangara zuwa Z mai ɗorawa-ɗorawa. Tsabta ana duba ta da madubin ido mai ninka girma sau 10, a ƙirga tabo da tsagar ciki bisa mataki 11. Na huɗu shi ne yanka, kuma shi ya fi sauran tasiri a ido: zagayayyen dutse yana da fuska 57 ko 58, idan an karkata kusurwa kaɗan haske ya zurare ta ƙasa, dutsen ya yi duhu ko da launinsa D ne. Mai saye ya nemi takardar shaida, ya karɓi madubin ya juya zoben a hankali har ya hango lambar da aka zana da leza a gefen ƙugun dutsen, siririya kamar gashi, ya tabbatar ita ce a takardar. Iyakar ilmin da talaka ke bukata ke nan. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce wa ya ce sai da wannan dutse aure ke cika.

Kafin 1867 lu'ulu'u kayan sarakuna ne, daga Indiya da Barazil yake fitowa jefi-jefi. A shekarar ne wani yaro ya tsinci ɗaya kusa da kogin Orange a Afirka ta Kudu, zuwa 1871 kuma jama'a suka yi dafifi a wurin da ya zama garin Kimberley. Ramin da aka haƙa da hannu a can har zuwa 1914 ya fitar da fiye da kilo 2,700. Abin da ake ganin ba shi da yawa sai ga shi ana kwasa da shebur, farashi ya kama hanyar zubewa. Wani Bature mai suna Cecil Rhodes ya gane cewa mafita ita ce mutum ɗaya ya riƙe bakin rijiya. Ya saye ramukan ɗaya bayan ɗaya, ya kafa De Beers a 1888, daga nan kamfanin ya riƙa sakin dutse ɗis-ɗis yana ɓoye saura. Tsadar lu'ulu'u tun daga ranar shiri ce.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan shiri da jikinsu baƙar fata ne. Daga tsakiyar shekarun 1880 aka fara kulle leburori a cikin sansani mai shinge, ba fita ba shiga har kwantiragi ya ƙare. Idan ranar sallama ta zo, sai a tsare mutum na kwanaki tsirara, a ɗaure hannayensa cikin safar fata marar yatsu don kada ya ɗauki komai, a ba shi maganin zawo, a bincike abin da ya fitar ko ya haɗiyi dutse. Wannan tsari na raba magidanci da iyalinsa a killace shi shi ne daga baya aka kwaikwaya a ma'adinan zinariya na Johannesburg, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan mulkin wariyar launin fata. Ba a rubuta wannan a takardar shaidar kowane zobe.

Riƙe kaya bai isa ba sai an ƙirƙiro mai saye. A 1938, bayan karayar tattalin arziki ta durƙusar da ciniki, Harry Oppenheimer na De Beers ya nemi kamfanin talla na N. W. Ayer a Amurka. Suka riƙa ba taurarin fim zobba suna ɗaukar hoto, suka tura masu lacca makarantun sakandare don su yi wa 'yan mata magana, suka cusa labarai a jaridu. A 1947 wata ma'aikaciyarsu, Frances Gerety, ta rubuta taken nan da ke cewa lu'ulu'u na har abada ne. Taken ya yi aiki biyu: ya ɗaura dutse da ƙauna, ya kuma sa mace ta ji kunyar sayar da nata, don haka tsofaffin zobba ba sa dawowa kasuwa su karya farashi. Hatta ƙa'idar cewa saurayi ya kashe albashin wata ɗaya, daga baya aka mai da shi wata biyu, daga ofishin talla ta fito.

Japan ce shaida mafi ƙarfi. A 1967 amaren da ke karɓar zoben lu'ulu'u a can ba su kai biyar cikin ɗari ba, domin al'adarsu ba ta san shi ba. De Beers ya shiga da tallan samari da 'yan mata sanye da kayan Turawa, a kan keke ko cikin mota, aka nuna zoben a matsayin alamar wayewa, aka ce albashin wata uku ne ƙimarsa. Zuwa 1981 kusan kashi 60 cikin ɗari na amaren ƙasar suna sanye da shi. Cikin shekara 14 aka dasa al'ada a ƙasar da ta fi yawancin ƙasashe riƙo da tata. Abin da allon talla ya yi a Tokyo shi ne Instagram da TikTok ke yi yau a wayar 'yan matanmu.

Afirka kuwa ta ci gaba da biya. Yaƙin Saliyo na 1991 zuwa 2002, inda 'yan tawayen RUF suka riƙa datse hannayen farar hula, da lu'ulu'un yankin Kono aka sayi makamansa. Haka 'yan tawayen UNITA suka yi a Angola. Tsarin Kimberley da aka kafa a 2003 don hana cinikin lu'ulu'un yaƙi ya taƙaita ma'anarsa ga wanda 'yan tawaye ke sayarwa, shi ya sa kashe-kashen da sojojin gwamnati suka yi a filayen Marange na Zimbabuwe a 2008 ba su hana dutsen can samun takarda daga baya ba. Yanka da gogewa, inda ƙarin daraja yake, yawancinsa a birnin Surat na Indiya ake yi, ciniki kuma a Antwerp da Dubai.

Botswana ce kaɗai ake nunawa da yatsa a ce ga wadda ta ci moriya, kuma gaskiya ne. An gano lu'ulu'u a Orapa a 1967, aka buɗe mahaƙar Jwaneng a 1982, gwamnati ta riƙe rabin kamfanin haƙa na Debswana da kashi 15 na De Beers kansa, ta gina makarantu da asibitoci da kuɗin. Amma kusan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da take samu daga fitar da kaya a kan dutse ɗaya ya rataya. Da kasuwa ta faɗi, jam'iyyar da ta yi mulki shekara 58 ta sha kaye a zaɓen Oktoban 2024, a Agustan 2025 kuma Shugaba Duma Boko ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya saboda magani ya ƙare a asibitoci. Wannan ita ce ainihin fuskar labarin da aka karanta a matsayin garaɓasa.

To me ya kawo mu ciki? Matar Bahaushe ta san gwal, kuma ta san dalilin sayensa. Ranar da bukata ta taso, ta kai sarƙarta wurin 'yan gwal, mai shago ya goga ta a dutsen gwaji, ya ɗora a sikeli, ya buga giram da farashin ranar, ya cire ladan ƙira, ya miƙo kuɗi nan take. Idan zobe ne mai dutse, sau da yawa sai ya sa ɗan ƙarfe ya ɓamɓare dutsen ya ajiye gefe, ya auna gwal ɗin kaɗai. Ko a Landan da New York wanda ya mai da zoben lu'ulu'u shago ba ya samun abin da ya biya, na masana'anta kuwa kusan ba mai saye hannu na biyu. Gwal ɗin lefe jari ne a hannun mace, ya sha biyan kuɗin makaranta da na asibiti. Angon da ya rage gwal don ya sayi daiman ya rage wa matarsa madogara ne, kuma ya kamata iyaye mata su faɗa masa haka tun ana haɗa akwati.

Addini bai nemi zoben ba. Aure a Musulunci yana tsayawa da waliyyi, shaidu, sadaki da siga, kuma mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarci wani sahabi marar hali ya nemo ko zoben ƙarfe ne ya bayar. Gwal haramun ne ga namiji, azurfa ce tasa. Hausawa Kirista da ke musayar zobe a coci su ma ba a gindaya musu dutse ba, lafiyayyen zobe ya wadatar.

Matasa suna cewa suna son biki mai tambarinsu, wanda bai yi kama da na kowa ba, kuma wannan buri ne mai kyau. Sai dai abin da ake gani shi ne kwafi: durƙuso da gwiwa ɗaya a gaban kyamara, akwatin zobe iri ɗaya, kek mai hawa biyar, zaure iri ɗaya. Wanda ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa. Alhali bikin Hausa cike yake da gurabun da iyali ke sa hannunsu, daga baiko da sa rana, zuwa kamu, sa lalle, sayen baki, buɗar kai da gara. Zanen lallen amarya yana iya ɗaukar alamar gidansu. Turaren wuta da humra kowace zuri'a tana da haɗinta. Ana iya narka tsohon ɗan kunnen kaka a ƙera wa jika zobe, a zana ranar ɗaurin aure a ciki. Babbar rigar ango tana iya fitowa daga hannun masu ɗinkin Zariya, zanen amarya daga marinar Ƙofar Mata. Maƙeran fari na Kano da na Agadas suna nan suna ƙera azurfar da Turawa ke tsallako teku su saya, mu kuma muna wuce su a kasuwa.

Mai son dutse ma ba sai ya leƙa Antwerp ba. Tsaunin Mambila a Taraba yana fitar da shuɗin yaƙutu da dillalan duniya suka sani, akwai zumurrudu da sauran duwatsu masu launi a Nasarawa da Kaduna. Ɗanye ake kwashe yawancinsu zuwa Bankok da Siri Lanka, a yanka a can, a sayar da tsadar da mahaƙin bai taɓa jin labarinta ba. Tarihin Kimberley ne ke maimaita kansa a ƙaramin sikeli, kuma hukumomi suna kallo.

Tun 2018 hukumar kasuwanci ta Amurka ta amince cewa na masana'anta lu'ulu'u ne, ta kuma wajabta wa mai sayarwa ya bayyana asalinsa ƙarara. Babu abin da zai hana hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON su tilasta haka a Najeriya: kowane zobe ya zo da rasit mai ɗauke da nauyin dutse, asalinsa, lambar shaidarsa da karat ɗin gwal ɗin da aka ɗora shi a kai, wanda ya yi ƙarya a hukunta shi. Ma'aikatar ma'adinai ta kafa wuraren gwaji da koyar da yanka a kusa da inda ake haƙa, gwamnonin jihohin da ke da duwatsun su sa kuɗi. Kafin su motsa, duk angon da mai shago ya hana shi madubi ko takarda ya mai da kuɗinsa aljihu ya fita, ya nufi layin 'yan gwal ko rumfar maƙeri.