Budapest ko Prag: Ina kuɗin matafiyi mai ƙaramin guzuri zai fi kai shi?

Duk bazara, matasa masu goye da jaka a baya kan cika tashoshin jirgin ƙasa na tsakiyar Turai, kuma birane biyu ba sa fita daga bakinsu: Budapest, babban birnin Hangari, da Prag na Jamhuriyar Chek. Tsakaninsu tafiyar kusan awa bakwai ce a jirgin ƙasa ko motar safa. Dukansu sun fi Landan da Paris sauƙin rayuwa, sai dai kowanne da inda yake tatsar baƙo.

Ga mai fasfon Najeriya ko Nijar, zaɓin yana farawa ne tun daga gida. Ƙasashen biyu suna cikin yankin Schengen, biza ɗaya ta wadatar, amma ƙa'ida ita ce a nema a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Kuɗin bizar ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, ga inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar aƙalla Yuro 30,000. Ko an hana mutum bizar, kuɗin ba ya dawowa.

Prag gari ne na ƙafa. Daga dandalin tsohon gari, inda agogon nan na shekarar 1410 yake aiki har yau, mutum zai taka ya haye Gadar Charles da aka fara ginawa a 1357, ya hau tudu zuwa fada, bai kashe ko sisi ba. Harabar fadar kyauta ce, shiga gine-ginen ciki ne ke buƙatar tikiti. Matsalar ita ce kowa nan yake zuwa. Da hantsi gadar ta cika maƙil, gidajen abincin da ke kewaye kuma farashinsu na baƙi ne. Masu wayo kan je gadar da asuba, su ci abinci a unguwanni irin su Žižkov.

Budapest ta fi faɗi. A 1873 aka haɗe Buda da Óbuda da Pest suka zama birni ɗaya, kogin Danube ya ratsa tsakiya. A nan dole a hau abin hawa, amma taragon titi mai lamba 2 yana bin gaɓar kogin ya wuce ta gaban ginin majalisa da tikitin da 'yan gari ke zuwa aiki da shi. Abin da wasu ke biyan jirgin ruwa don su kalla, kusan shi ke nan.

Inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba shi ne wajen canji. Babu ɗaya daga cikin ƙasashen da ke kashe Yuro: Chek na da koruna, Hangari na da forint. Shagunan canji na tsakiyar Prag sun yi ƙaurin suna wajen cutar baƙi, har ta kai a 2019 aka yi dokar da ta bai wa mutum awa uku ya soke cinikin, matuƙar bai wuce Yuro 1,000 ba kuma yana riƙe da rasit. A biranen biyu, idan na'urar cirar kuɗi ta tambaya ko ta yi wa mutum lissafin canji da kanta, a ce mata a'a. Haka tikitin takarda: sayensa bai isa ba, sai an buga shi a na'ura. Masu duba tikiti ba sa jin uzurin baƙunta, tarar kuma ta kan cinye kuɗin kwana.

Ga Musulmi, abinci ne babban lissafi. Girkin Chek ya dogara sosai da naman alade, na Hangari ma ana yawan sa kitsensa, don haka ko miyar naman shanu ce sai an tambaya. Shagunan kebab na Turkawa da Larabawa ne mafita a ko'ina, ko a zaɓi masaukin matafiya mai kicin, a yi cefane a dafa da kai.

A nan Budapest ta ɗan yi gaba. Daular Usmaniyya ta riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, kuma sawunta bai goge ba: kabarin Gül Baba na nan a kan tudu, gidan wankan Rudas na ƙarni na 16 yana aiki. Akwai masallaci a titin Fehérvári, ga ɗaliban Najeriya da ke karatu da tallafin Stipendium Hungaricum, waɗanda suka san inda ake samun nama halal da araha. Babban masallacin Prag yana can gefen gari.

Mai kwana biyu kacal, Prag ta ishe shi, domin zai ga mafi yawanta da ƙafa. Mai mako guda da guzuri ɗan kaɗan, Budapest ta fi ja masa kuɗin, kuma idan a can zai fi daɗewa, ofishin jakadancin Hangari ne zai kai wa takardunsa.