Muryar da ba ta neman lasifika

Duk wanda ya halarci biki a unguwar New Bell ta Duwala ya san zabiya ba ta buɗe baki sai an gyara mata lasifika, don muryarta ta fi ƙarfin ganga da hayaniyar mata. Mawaƙiyar opera mai siririyar murya, wadda Turawa ke kira soprano, ba a ba ta wannan gata. Za ta tsaya a dandali, makaɗa sittin ko fiye suna kiɗa a gabanta, kuma dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji ta. Gidan opera na Metropolitan da ke New York yana ɗaukar mutum kusan 3,800. Masu ganin mawaƙiyar a talabijin suna cewa ihu take yi, amma wannan ihun shekaru ake yi ana koyon sa.

Numfashi ake fara koya. Daga ciki take tura iska, haƙarƙari a buɗe, maƙogwaro a sake, har sautin ya yi kaifin da zai keta kiɗa. Sai harsuna: Italiyanci, Faransanci da Jamusanci, domin da su aka rubuta yawancin wasannin. A opera tana sa kayan wasa, ta yi soyayya, ta mutu a dandali tana waƙa, duk da ka. A taron waƙa kuwa tsayuwa kawai take yi kusa da mai fiyano, babu labarin da za ta fake da shi. A ganina wannan ya fi wuya.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan mawaƙa ita ce Pretty Yende, 'yar Afirka ta Kudu. An haife ta a 1985 a garin Piet Retief. Tana da shekara 16 ta ji waƙar opera a wata tallar British Airways a talabijin, ba ta ma san sunan abin ba. Ta yi karatu a Cape Town, ta lashe gasar Belvedere a Vienna a 2009, ta shiga makarantar gidan La Scala a Milan, sannan ta ci gasar Operalia a 2011. A Janairun 2013 ta hau dandalin Metropolitan, ta maye gurbin wata a wasan Le comte Ory na Rossini, cikin 'yan kwanaki ta haddace waƙoƙinta. Daren farko, shigowarta ke nan ta yi tuntuɓe ta faɗi a gaban jama'a. Ta tashi ta yi waƙarta har ƙarshe, aka yi ta tafi. A 2023 ta yi waƙa a naɗin Sarki Charles na Ingila.

Sana'ar tana da haɗari. Mai zaman kanta kuɗin dare ake biyan ta; in mura ta kama ta, wata ce za ta hau. Wadda ta yi gaggawar ɗaukar manyan wasannin Wagner ko Verdi tun muryarta ba ta nuna ba, tana iya lalata ta. Maria Callas, duk shahararta, ta yi operarta ta ƙarshe a 1965 tana da shekara 41.

Kamaru ma ta fitar da nata, sai dai namiji ne mai kakkaurar murya, Jacques-Greg Belobo, wanda ya yi waƙa a gidan opera na Dresden a Jamus. A Duwala, ƙungiyoyin mawaƙan coci ne inda aka fi jin irin waɗannan muryoyi, amma yarinyar da ke son ta mai da abin sana'a, har yanzu sai ta nemi malami da dandali a waje.