Gyaran Rikoda Mai Kaset: Roba da Ƙura Aka Fi Tuhuma

Rikoda mai kaset ta shigo garuruwan Madawa, Buza da Keita mafi yawa a cikin kayan ƴan ci-rani masu dawowa daga Najeriya, Kwaddebuwa da Libiya. National Panasonic, Sharp da Sanyo su ne sunayen da aka fi gani a jikinta. Da ita aka saurari tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da waƙoƙin Ɗan Anace da Shata, kuma da ita matafiyi ya riƙa naɗar murya yana aikowa gida maimakon wasiƙa. Kamfanin Philips na Holan ne ya fito da kaset a 1963. Faɗin zaren da ke cikin kaset milimita 3.81 ne, yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma duk gyaran rikoda ƙoƙari ne na tsare wannan tafiya.

Mai gyara yakan fara da wuta. Batir mai rauni yana sa murya ta yi ja kamar ta mai barci, wanda ya daɗe a ciki kuwa yakan zubar da ruwa ya ci ƙarfen mazauninsa, sai an kankare. Wutar kamfanin lantarki na NIGELEC bolt 220 ce, alhali wasu rikodojin waje an saita su a 110, don haka ana duba maɓallin baya kafin a jona.

Ciwon da ya fi yawa a wannan yanki na roba ne. Wani ɗan inji ne ke juya komai ta hanyar siririyar igiyar roba. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, yana sa robar ta saki, ta tsage, ko ta narke ta zama baƙin danƙo kamar kwalta. Alamar ita ce a ji injin yana kuka amma kaset bai motsa ba. Dole a goge danƙon tas da alkol kafin a sa sabuwa. Ana auna tsawonta ta hanyar zagaya zaren ɗinki a kan tayoyin da take hawa, a zaɓi wadda ta ɗan gaza shi. Robar ɗaure kuɗi da wasu ke sawa ba gyara ba ce: murya za ta riƙa rawa, kuma ba ta daɗewa.

Akwai kuma ƙaramar tayar roba da ke matse zaren a jikin sandar ƙarfe mai juyawa. Idan ƙurar hunturu ta taru a kanta, ko ta taurare, ko gefen da ke naɗe zaren ya tsaya, nan ne ake cewa rikoda ta ci kaset. A nan gaggawa ce ke yin ɓarna. Ana zaro zaren a hankali, a maida shi da biro.

Murya mai dishi-dishi yawanci daga kan da ke karanta zaren take, domin jan garin da ke jikin zaren yana manne masa. Auduga a kan tsinke da ɗigon alkol sun wadatar. Ba a kankare shi da wuƙa, ba a kusanto masa da sukudireba mai maganaɗisu. Idan dishin bai tafi ba, akwai ƴar ƙusa a gefensa da ake murɗawa kaɗan-kaɗan ana saurare har murya ta washe. Ƙarar da ake ji idan an juya maɓallin sauti ita ma datti ce.

Bayan gyara, ba a gwaji da kaset mai daraja. Wanda ke ɗauke da muryar mahaifi ko karatun malamin da ya rasu ba shi da na biyu, don haka a ɓalle ɗan harshen da ke samansa don kada a naɗi wani abu a kai, a ajiye shi nesa da rana da lasifika, kuma ranar da rikoda ta tashi a kwafe shi zuwa waya.