Muhammad Abu Ali: Jarumin Baga Da Ya Kwanta Dama A Malam Fatori

A daren Juma'a, 4 ga Nuwamba, 2016, mayaƙan Boko Haram suka afka wa sansanin sojoji da ke Malam Fatori, hedikwatar ƙaramar hukumar Abadam a Jihar Borno, dab da iyakar Nijar. An fatattaki maharan, amma kafin gari ya waye rundunar sojin ƙasa ta yi rashin Laftanar-Kanar Muhammad Abu Ali, kwamandan bataliya ta 272 mai yaƙi da tankoki. Shekarunsa 36 a duniya.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifinsa, Birgediya Janar Abu Ali, ya yi gwamnan soja na Jihar Bauchi daga 1990 zuwa 1992, daga baya ya zama Etsu na Bassa-Nge a Jihar Kogi. Ɗan ya bi sawun uban, ya shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna, ya fito ya kama aiki a sashen tankokin yaƙi.

Sunansa ya fito ne a lokacin da ƙasa ke cikin mawuyacin hali. A farkon Janairun 2015 garin Baga, mazaunin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, ya faɗa hannun mayaƙan, aka yi wa mazaunansa kisan gilla. Har babban zaɓen shekarar sai da aka ɗage shi da makonni shida saboda rashin tsaro. A Fabrairu sojoji suka ƙwato Monguno, sannan Baga, kuma tankokin da Abu Ali ke jagoranta, yana Manjo a lokacin, suna sahun gaba. A Satumba, bayan ƙwato Gamboru Ngala, Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Tukur Buratai, ya je har fagen daga ya liƙa masa muƙamin Laftanar-Kanar, ƙarin girma na musamman saboda bajinta. Wata goma sha huɗu kacal ya yi da wannan muƙami.

Ma'aikacin da ke sammako daga unguwar Wambai a Suleja don ya kama motar Abuja na iya ganin Malam Fatori da nisa. To amma wutar wannan yaƙi ta taɓa isowa ƙofar gidansa. Ranar 8 ga Afrilu, 2011, bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja. Ranar Kirsimeti ta wannan shekarar wani ya tashi a cocin St. Theresa da ke Madalla, abin da ya sa aka saka ƙaramar hukumar Suleja cikin dokar ta-ɓaci. Dakarun da suka tura mayaƙan zuwa gaɓar Tafkin Chadi suna da kaso babba a cikin barcin da ake samu yau a gindin Dutsen Zuma.

Ranar Litinin, 7 ga Nuwamba, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja, tare da dakarun da suka rasu a wannan artabu. Janar Buratai bai iya riƙe hawayensa ba a wurin jana'izar. Marigayin ya bar mata da 'ya'ya ƙanana.

Bayan an busa begila jama'a sun watse, sauran hakkin mamaci yana komawa kan teburin ma'aikata. Kuɗin inshorar rai, haƙƙoƙin magada da tallafin karatun marayu duk ta fayil suke bi, daga hedikwatar runduna zuwa Ma'aikatar Tsaro da hukumar fanshon sojoji. Sunan Abu Ali sananne ne, ba zai ɓace a cikin tarin takardu ba. Kurtun da aka binne kusa da shi kuwa ba shi da mai yi masa magana, sai amanar wanda fayil ɗinsa ya iso wa.

Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja don tunawa da 'yan mazan jiya. Matar da aka bari da marayu ba ta jiran wannan rana. Abin da take jira shi ne sa hannun da zai motsa takardar mijinta daga wannan ofis zuwa na gaba.

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda suka faɗi tare da shi.